Alassani Mai Majigi da Fim ɗin Mushe

Duk wanda ya yi wayo a zangon Sokodé kafin bidiyo ya cika gari ya san Alassani mai majigi. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai abu ya kai a yi masa. Gidansu gidan fawa ne tun kaka da kakanni, amma shi ganin jini jiri yake sa masa, don haka ubansa ya jefa shi lakwal, wato makarantar boko, saboda haushi. Ya yi aji shida ya fito da Faransanci daidai na neman abinci. Ga Hausar gida, ga Kotokolin unguwa, daga baya kuma ya tsinci Mobanci a kan hanya. Bakunan nan huɗu su suka samo masa aiki a ofishin watsa labarai a shekarar 1968, aka danƙa masa motar majigi.

Shi ne direba, shi ne mai haskawa, shi ne tafinta. Yau yana Pagala, jibi Kambolé, wani makon ya hau arewa har Bombouaka. Ya kafa sanduna biyu, ya ɗaure farin ƙyalle, ya tayar da injin wuta, ya haska wa manoma yadda ake shuka auduga, yadda ake haƙa shadda, da yadda manyan ƙasa ke yanka kirtani a bakin sabuwar gada. Fim ya yi magana da Faransanci, shi kuma ya ɗauki lasifika ya juya wa jama'a da harshensu.

Irin waɗannan finafinai su ake kira finafinan gaskiya, wato ba wasan kwaikwayo ba. Alassani ya shekara ashirin da biyu yana kallonsu, bai taɓa ganin manomin da ya ɗaure fuska a ciki ba. Yakan ce sunan kawai aka ba su, kamar a raɗa wa ɓarawo Aminu. Amma kada a ɗauka shi ɗin wani jarumi ne. Abin da aka ce ya faɗa shi yake faɗa, ya ƙara barkwanci don kada mutane su watse, ƙarshen wata ya karɓi albashinsa ya yi shiru. Raininsa a ciki yake ajiye shi, sai in ya zauna da abokansa a bakin mayanka ya ɗan buɗe musu.

A farkon 1990 Abdulwahid ya dawo gari. Ɗan Alhaji Salifu mai goro ne, wanda aka tura Faransa ya koyo haɗa magunguna. Ya yi shekara tara, ya dawo babu takarda ko ɗaya, sai mayafin ulu naɗe a wuya cikin zafin Sokodé da wata 'yar shara mai aljihu goma sha biyu, duk babu komai a ciki. Ya ce shi yanzu mai shirya fim ne, kuma a riƙa kiransa Monsieur, yadda Faransawa ke kiran babban mutum. Bakin zango ya mayar da kalmar Mushe. Mahauta, waɗanda suka fi kowa sanin abin da ake kira mushe, suka karɓi sunan hannu bibbiyu, har suna rige-rigen gaishe shi da shi.

Wata safiya ya tarar da Alassani a ƙarƙashin mota yana ɗaure salansa da waya.

"Baba Alassani, fim zan yi a kan mutanenmu," in ji shi. "Hanyar shanu, tun daga karar Dapaong har mayankar Sokodé."

Alassani bai fito ba. Daga ƙarƙashin motar ya ce, "Ka taɓa riƙe igiyar sa?"

"Ba sai na riƙe ba, Baba. Ni aikina na ido ne."

"Wa zai biya?"

"Akwai wata ƙungiyar Turawa a Lomé."

"To, ka ce fim za ka yi wa Turawa. Miƙo min filaya."

Da don ta shi ne da maganar ta mutu a nan. Amma Alhaji Salifu da kansa ya taka har gida bayan sallar Juma'a, ya ce, "Alassani, ka riƙe min yaron nan, ko Allah zai sa ya zama wani abu." Dattijo ne da ya yi zumunci da mahaifin Alassani shekara arba'in, ba a ce masa a'a. Ofis ma ya ba da aron mota da direbanta, tunda an ce za a rubuta sunansa a ƙarshen fim.

A nan Alassani ya ga yadda ake haihuwar fim tun yana ciki. Da farko takarda ce, shafi arba'in, ana ce mata dosiye. Mushe ya kai wa shugabar ƙungiyar, wata doguwar Baturiya da kowa ke kira Madam. Ta karanta ta dawo masa da ita, ta ce wahala ta yi kaɗan a ciki. Ya koma ya barbaɗa wahala a kowane shafi kamar mai sa wa tsire yaji. Ta sake dawo da ita, ta ce ba ta ga mata ba. Ya ƙara mata. Karo na uku ta sa hannu, aka ce za a ba da kuɗin kashi uku: na farko kafin ɗauka, na biyu wajen haɗawa, na ƙarshe sai an gama komai.

Saura izini. Akwai wani kwamiti na mutum bakwai a babban birni, wanda in bai buga hatimi ba ko hoton akuya ba ka isa ka haska ba. Ba sa zama sai ranar da aka tanadi abincin rana. Su kuma suka ce wahala ta yi yawa, ƙasar nan ba a wahala a cikinta, kuma dole fim ya buɗe da godiya ga jam'iyya, ita kaɗai ɗin da ake da ita a lokacin. Mushe bai ko yi gardama ba. Ya rubuta dosiye ta biyu. A ta Madam shanu na faɗuwa matattu saboda ƙishirwa, a ta kwamiti shanun nan dai suna shan ruwa a madatsar gwamnati har suna ƙoshi. Duka biyun a motar Alassani suke kwana, ɗaya a kan ɗaya.

Cikin watan Satumba suka hau Dapaong da wani mai kyamara da aka ɗauko haya daga Lomé. Kwana goma sha biyu suka yi. Mushe ya yi su duka da hankici a hanci, yana tsallake kashin shanu kamar mai tsallake wuta, yana ba da umarni daga nesa.

Mutum biyu ya fi ɗauka. Na farko Sarkin Fawa Mahama, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, wanda aka zaunar a bakin mayanka aka ce ya faɗi abin da ke damunsa. Ya gyara zama ya yi bayani tiryan-tiryan: famfon mayanka ya yi wata bakwai ba ya kawo ruwa, a ka ake ɗauko ruwan wanke nama, sun kai kuka sau uku ba a zo ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, Alassani na tsaye a gefensa yana juya wa mai kyamara.

Ta biyu yayar Alassani ce uwa ɗaya uba ɗaya, Hajiya Nafissatou, wadda aure ya kai Dapaong tun tana budurwa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, ta kama sana'ar kai da ƙafa da ganda, har ta zama duk kan saniyar da aka yanka a garin sai ya bi ta hannunta. Mata goma sha biyu ke yi mata aiki. Ta je Makka sau biyu, ta gina bene. Ranar ɗauka ta fito cikin leshi da haƙorin Makka yana walƙiya, sai Mushe ya kama kai.

"Hajiya, don Allah ki sa zanen aiki, ki zauna bakin wuta. So nake duniya ta ga ƙoƙarinki."

"Ni na bar babbaka da hannuna tun kana goye," in ji ta.

Alassani ne ya lallashe ta. "Yaya, ki yi haƙuri ki yi masa. Haka ake yi, don a ga aikin ne." Ta harare shi, ta shiga ta canza, ta zauna cikin hayaƙi tana kankare ƙafar saniya, idanunta na zubar da ruwa. Mushe ya sa aka matso da kyamara dab da fuskarta.

Ba su yi wata guda da dawowa ba ƙasa ta rikice. Aka fara zanga-zanga a Lomé, ta bazu. Shekarar da ta biyo aka yi yajin aiki, aka yi babban taron ƙasa, mutane suka riƙa faɗar abin da da ko a ɗaka ba sa iya faɗa. A Sokodé aka ƙona tayoyi a kan babban titi, sojoji suka zo, aka yi jina-jina, wasu iyaye suka binne 'ya'yansu. Mushe bai fito ba ko sau ɗaya. Amma ranar da ya ga inda iska ta nufa, ya ɓalle bajon jam'iyya daga 'yar shararsa, kafin la'asar ya zama tsohon ɗan gwagwarmaya. Ya riƙa ba da labari a wurin mai shayi cewa saboda ra'ayinsa aka hana shi gama karatu a Faransa.

Madam ma ta aiko cewa manyanta sun canza tsari: kuɗin bana na dimokuraɗiyya ne, babu kason shanu. Wani ne da ya ce fim ya mutu. Mushe ya kwashi faifansa ya yi wata huɗu ba a gan shi ba. Ya sayi hotunan tayoyi masu cin wuta daga wanda ya yi kasadar ɗaukarsu, ya cusa tsakanin shanu, ya ɗauko wani mai zaƙin murya ya shimfiɗa Faransanci a kan muryoyin mutanen Dapaong. Ya koma gaban kwamiti. Mutanen nan ne dai, an rage ɗaya, an canza musu suna. Suka kalli godiyar da su da kansu suka ce a sa, suka girgiza kai, suka ce wannan abin kunya ne, a yanke. Aka yanke, aka ci abinci, aka buga hatimi.

Sharaɗi ɗaya ya rage kafin kashin ƙarshe ya fito: sai an kai fim an nuna wa waɗanda aka ɗauka, Madam na zaune, an kuma ɗauki hoton 'yan kallo. Aka sa rana cikin watan Maris na 1992. Perefen Dapaong, wato wakilin gwamnati mai mulkin yankin, ya hana taron dare, don haka aka ari wani siton auduga aka toshe tagoginsa da buhuna, aka tara mutane da ƙarfe uku na rana, zafi kamar a gasa gurasa.

Alassani bai ga fim ɗin ba sai ranar. Yana ɗaura faifai Mushe ya matso kusa da kunnensa.

"Baba, Faransancin ciki yana da zurfi. Kada ka wahalar da kanka. Ka faɗa musu abin da za su ji daɗi kawai, yadda ka saba."

Alassani ya ce to. Da gaske kuma haka ya yi niyya, don abin da ya saba ɗin ke nan.

A layin gaba aka jera kujeru: Madam, perefe, kwamandan jandarmomi masu tsaron gari, Sarkin Fawa Mahama cikin babbar riga, da Hajiya Nafissatou. Bayansu mahauta da dillalai da matan Hajiya a kan tabarmi. Aka rufe ƙofa, haske ya faɗa kan ƙyalle. Shanu suka fito, mutane suka yi sowa, kowa na nuna na gidansu. Muryar Faransanci ta ce wannan al'umma ce da aka yi wa takunkumi shekara da shekaru. Alassani ya ce a lasifika, "Ga shanu nan sun taso daga kara, Allah ya kai su lafiya."

Sai ga Hajiya cikin hayaƙi, hawaye na bin kumatunta. Muryar ta yi ƙasa-ƙasa, ta ce wannan gwauruwa ce da duniya ta manta da ita, tana tsintar abin da mahauta suka zubar don ta ciyar da marayunta, wata rana su ci wata rana su kwana haka. Alassani ya sauke lasifika daga bakinsa. Ya hango yayarsa tana gyara mayafi, tana murmushi, Madam kuma ta miƙo hannu tana shafa mata kafaɗa cikin tausayi. Ya bar wurin ya wuce ba fassara.

Daga nan aka nuno Mahama. Muryarsa ta fito kaɗan, sai Faransanci ya hau kanta ya danne. Aka ce wai tsohon yana cewa: sojoji sun sha jininmu, mun gaji, wuƙaƙenmu a wase suke, ranar da aka kira mu za mu fito.

Alassani ya ga kwamandan ya juya a hankali ya kafa wa Mahama ido. Perefe ya zaro alƙalami. Shi kuwa tsohon ko a jikinsa, yana kallon kansa a ƙyalle yana gyaɗa kai, yana jin daɗin yadda rawaninsa ya zauna. A watannin nan an ɗauke mutane a kan maganar da ba ta kai rabin wannan ba.

Alassani ya tsayar da majigi. Ya ɗauki lasifika.

"Jama'a, yau zan faɗa muku abin da fim ya ce, kalma da kalma. Sarki, ranka ya daɗe, an ce ka ce sojoji sun sha jininku, kun wasa wuƙaƙe kuna jiran a kira ku."

Mahama ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Ni? Ni na faɗi haka? Alassani, kana wurin. Maganar me na yi?"

"Maganar famfo, ranka ya daɗe."

"To wane la'anannen ne ya sa min wannan a baki?"

Duk kawuna suka juya wajen Mushe. Alassani ya mayar da faifan baya, ya ƙure sauti. A ƙarƙashin Faransancin, can ƙasa, aka ji muryar tsohon tana cewa famfo, tana cewa ruwa, tana cewa wata bakwai. Kwamandan yana jin Hausar kasuwa. Ya saurara har sau biyu.

"Ni kuma me aka ce na ce?" Hajiya ce ta tambaya, ba ta ko tashi ba.

"Yaya, ke ba a ce kin ce komai ba. Cewa aka yi tsintar abin da aka zubar kike yi, wata rana ku ci wata rana ku kwana da yunwa."

Ta ture hannun Madam daga kafaɗarta. Ta miƙe ta doshi Mushe, wanda ya riga ya manne da bango.

"Kai Abdulwahid! Kwana goma sha biyu a gidana ka ci ka sha, kai da mai kyamararka. Farfesun da ka riƙa neman ƙari, a juji na tsinto shi? Ubanka mutumin kirki, ya sayar da goro ya tura ka ƙasar Turawa, ashe ƙarya ka je ka karanto. Ita ma ba ka iya ta ba."

Matanta suka ɗauki guɗa ta tsiya, mahauta suka miƙe suna ɗaga hannu suna zagi. Madam, fuskarta ta yi ja kamar gauta, ta tambayi Mushe me ke faruwa. Alassani ya ji amsar da kunnensa. Cewa ya yi shi ba abin da bakinsu ya faɗa ya fassara ba, abin da ke cikin zuciyarsu ne, wanda tsoro ya hana su furtawa. Madam ta gyaɗa kai. Mai hoton da aka ɗauko kuwa bai tsaya ba, yana ta ɗaukar mutane hannuwa a sama, bakuna a buɗe. Ba a ƙarasa fim ɗin ba. Ta ƙofar baya aka fitar da Mushe, a motar Madam.

Duk da haka kwamandan ya ce Sarkin Fawa ya biyo shi a yi 'yan tambayoyi. Tsohon ya kwana biyu a kan benci a ofishinsu, Hajiya na aika masa abinci, mahauta kuma suka ƙi yanka ko akuya. Da gari ya kwana biyu babu nama aka sallame shi. Bai sake yarda wani ya nuna masa kyamara ba har ya bar duniya.

Hotunan nan na sito su aka liƙa a rahoton da aka aika Turai, aka rubuta a ƙasansu cewa fim ya motsa zukatan jama'a har suka kasa zama. Kashin ƙarshe ya fito. Fim ya zaga bukukuwa biyu ko uku a can, aka ce har an tafa masa. Da ƙura ta lafa, masu mulki suka koma kujerunsu daram, Mushe ya sake gano cewa shi dama can mai son zaman lafiya ne, aka ba shi kujera a kwamitin da ke buga hatimi.

Alassani kuwa takarda ya tarar a Sokodé, an dakatar da shi wata uku saboda ya tsayar da majigin gwamnati ba da izini ba. Kafin wa'adin ya cika Alhaji Salifu ya aiko a kira shi. Ya je yana zaton faɗa. Dattijon ya ce, "Na ji abin da ya faru. Ka gaida min Hajiya, ka ce ina ba ta haƙuri." Bai ambaci sunan ɗansa ba.

Ƙarshen shekarar aka shiga dogon yajin aiki, ofisoshi suka rufe wata da watanni. Motar majigi ta zauna a bayan ofis har tayoyinta suka nutse a ƙasa, ba ta sake tashi ba. Alassani bai jira a kira shi ba. Ya kwashi iyalinsa ya koma Dapaong, Hajiya ta ba shi shago a ƙasan benenta, ya kama gyaran rediyo da lasifikokin masallatai. Sai da ta shekara tana yi masa gorin zanen aikin nan kafin ta bari.

Ya yi shekara goma sha uku a shagon. Ana kawo masa aiki har daga Bombouaka, don an san in ya ce abu ya mutu to ya mutu, ba ya karɓar kuɗin mutum ya ce ya dawo gobe. Ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu a ƙarshe, ya rasu cikin azumin 2006, aka binne shi a Dapaong. Mahauta ne suka ɗauki makararsa.